Goggo Mai Katin Sallah

Mu na Allah ne, kuma wurinsa za mu koma. Goggo, yayar mahaifina, ta rasu a watan Sha'aban ɗin da ya wuce, a ɗakinta na unguwar Paris-Congo, ana saura 'yan kwanaki a kama azumi. Ta tsufa, ta kuma yi jinya, don haka babu wanda zai ce mutuwarta ta zo masa ba zato. Abin da ya zo mana ba zato shi ne irin mutanen da suka cika gidan a zaman makoki.

Dangi mun san juna. Mun san mahautan da suka yi sana'a tare da marigayi mijinta, mun san matan unguwa. Amma tun daga washegari sai ga fuskokin da ba mu taɓa gani a biki ko suna ba. Wani mutum ya turo keken guragu tun daga unguwar Milezi, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, ya tsaya a bakin ƙofa yana ta maimaita, "Allah yarhamha, Allah yarhamha." Wata tsohuwa Kirista, da ƙaramin gicciye a wuyanta, ta shigo tana dogara sanda, ta zauna a gefen tabarmar mata ta yi kukanta, ba ta nemi kowa ya ba ta haƙuri ba. Ma'aikatan jinya biyu suka zo daga labtan, kamar yadda muke kiran asibiti a nan, da fararen rigunansu, suka yi gaisuwa suka koma bakin aiki.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya zo daga Kano don ta'aziyyar, ya jawo ni gefe ya ce, "Ke, waɗannan duk su wane ne? Sadaka take raba musu ko me?"

Na ce, "Kawu, kati take kai musu."

"Kati? Wane irin kati?"

Kafin in ba shi amsa sai wani dattijo makaho da ke zaune kusa da mu ya zura hannu cikin aljihu, ya fito da wani ɗan kwali da aka manna wa fure na ƙyallen atamfa, ya miƙa wajen da yake jin muryar Kawu. Ya ce, "Irin wannan, Alhaji. Shinshina ka ji." Kawu ya karɓa ya kai hanci. Ƙamshin turaren wuta bai gama fita ba. Ya juya kwalin gaba da baya, ya mayar wa mai shi, bai ƙara tambaya ba.

Tambayar Kawu ce ta sa na zauna rubuta wannan. Idan ɗan uwa na kusa bai san abin da Goggo ta yi da rayuwarta ba, to jikokinmu ba za su ma san an yi ta ba.

Kakanmu, mahaifinsu, ya taso daga ƙasar Katsina da ƙafa da niyyar zuwa Makka. Ya iso nan babban birnin Chadi lokacin ana kiran garin Fort-Lamy, ya tsaya neman guzuri, ya shiga harkar dabbobi, ya yi aure, ya haifi Goggo da sauransu har zuwa kan mahaifina, wanda shi ne auta. Bai ƙarasa Makka ba. Goggo takan ce, "Mu 'yan kan hanya ne. Ubanmu ya zauna hutawa ne kawai, hutun ya yi tsawo." Hausa take yi a gida, Larabcin Chadi a kasuwa, kuma idan ranta ya ɓaci sai ta gauraya su ta yi faɗa da duka biyun. Sana'arta haɗa turaren wuta da humra. Allah bai bar mata ɗa ba. Wanda ta haifa ya koma tun yana goye. Ni kuwa sunan mahaifiyarta aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Uwata" take ce mini, tun ina rarrafe har na yi furfura a gefen kai.

Maganar katin ta samo asali ne daga takabarta. Mijinta ya rasu a cikin azumi, Ƙaramar Sallah ta same ta a ɗaka. Ta ba ni labarin ranar sau da yawa, kuma kullum a wuri ɗaya muryarta ke canzawa.

"Uwata, abinci kam ya zo. Kwanuka har bakin gado. Kowa ya aiko yara, su dire su ce an ce a gaishe ki, su ruga. Ina jin ganga a waje, ina jin mata suna wucewa suna dariya. Na duba kwanukan nan na ce, to wa zan ce wa miyar ta yi daɗi?"

Ba ta ga laifin kowa ba. Ranar Sallah kowa da hidimarsa. Amma da ta fita takaba sai ta fara lura da mutanen da Sallah ke tsallakewa: tsofaffin da 'ya'yansu suka tafi neman abinci wata ƙasa, majinyatan da aka kawo daga ƙauye suka daɗe a labtan har masu jinyarsu suka gaji, matan da ke cikin takaba, waɗanda ƙafa ta daina kai su ko'ina. Da farko hannu rabbana take zuwa musu. Sai ta ga wasu suna jin nauyi, suna tambayar kansu me ya kawo ta, ko sun zama abin tausayi ne. Wata rana ta ga 'yar maƙwabta ta dawo daga lekol, wato makarantar boko, da wata takarda da aka naɗe biyu, an zana fure a kai, wai an koya musu yadda ake gaisuwar biki. Goggo ta karɓa ta duba ta ce, "Wannan ai dalilin shiga gida ne."

Ni ban shiga aikin ba sai bayan na yi aure na fara koyarwa. A lokacin mata sun riga sun saba: da an shiga goman ƙarshe na azumi, bayan la'asar, ana haɗuwa a tsakar gidan Goggo ƙarƙashin darbejiya. Babu ƙungiya, babu shugaba, babu suna. Wadda ta samu sarari ta zo. Masu shago suna ajiye mata kwalayen sukari da na shayi. Teloli suna tara mata ƙyallayen da suka rage daga ɗinkin Sallah, har akwai wanda yake cewa rabin unguwa suna sanye da rigunansu, ɗaya rabin kuma yana manne a katin Goggo. Ƙaro take jiƙawa a kwano ya zama abin mannawa. Wata ta yanka kwali, wata ta fitar da fure ko jinjirin wata da tauraro daga ƙyalle, wata ta zagaye baki da zare. Ni da wata maƙwabciya mu ne masu rubutu: Barka da Sallah da Hausa, Id Mubarak da Larabci, wani lokaci da Faransanci, gwargwadon wanda za a kai wa. Idan an gama sai Goggo ta kife kwando a bisa kaskon turare ta jera su a kai.

Na taɓa tambayarta amfanin turara takarda. Ta ce, "Wanda ba ya gani fa? Shi ba ya Sallah?"

Ba ta da sauƙi a wajen aiki. Idan fure ya karkace sai ta ɓamɓare ta ce a sake. "Ba sadaka muke yi ba da za a ce ko yaya ne a karɓa. Gaisuwa ce. Kin taɓa zuwa gaisuwa da ɗankwali a karkace?" Baki ya bushe da azumi, yatsu sun yi danƙo, amma a nan ake jin labarin unguwa kaf, a nan kuma ake sanin wa ya kwanta, wa aka bari shi kaɗai. Goggo ba ta rubuta sunan kowa. Tana ɗaga kati ta ce, "Wannan shuɗin na tsohon nan ne na bayan masallaci, shi yana son shuɗi," sai a ware.

Doka ɗaya gare ta wadda ba ta sassauta wa kowa: ba a aika kati, ba a kuma miƙa shi daga bakin ƙofa. Wadda ta ɗauka za ta shiga, ta zauna, a dafa shayi a sha. Idan gidan babu ganye da sukari, akwai ƙulli a gefen lafayarta. Takan ce, "Kwali ne fa kawai. Zaman shi ne Sallar." Wata shekara ƙanwata, da kyakkyawar niyya, ta kawo shawara a je a buga katunan a inji, su fito tsaf da yawa cikin ɗan lokaci. Goggo ta saurare ta har ta gama, sannan ta miƙa mata almakashi ta ce, "Idan injin zai je ya zauna da su, a kira shi."

Akwai ranar da ba na mantawa. Mun je labtan da yammacin Sallah, ɓangaren mata. A gadon ƙarshe akwai wata mata da ta juya fuska ga bango. Ma'aikaciyar jinya ta ce mana daga wajen tafkin Chadi aka kawo ta, cikin waɗanda rikici ya koro, ba ta jin Larabci, ba ta jin Faransanci, kuma tun zuwanta ba ta yi magana da kowa ba. Babu mai zuwa wurinta. Goggo ta tsaya ta dubi zanen da matar ta rufa da shi, ta dubi kitsonta, sai ta zauna a bakin gadon ta ce da Hausa, a hankali, "Baiwar Allah, barka da Sallah. Ya jikin?"

Matar ta juyo kamar an taɓa ta da wuta. Ta kama hannun Goggo da hannu biyu. Abin da ta fara faɗa shi ne, "Ashe akwai mutane a garin nan?" Daga nan sai kuka. Goggo ba ta ce mata ta yi shiru ba. Ta ɗora mata katin a cinya, ta bar ta ta yi mai isarta, sannan matar ta fara ba da labari: mijinta, 'ya'yanta, daren da suka rabu a bakin ruwa, yadda har yau ba ta san wa ke raye ba. Mun fito ana kiran magariba. Da aka sallame ta, Goggo ta kawo ta gida ta ba ta ɗakin da take ajiye kayan turare. Shekarar da ta biyo, ita ce ta fi kowa iya fitar da fure. Almakashi a hannunta kamar da shi aka haife ta. Har yau tana gidan, kuma ita ta yi jinyar Goggo har ƙarshe.

Paris-Congo unguwa ce da muke zaune da Kiristoci katanga ɗaya. Goggo ta ga su ma suna da tsofaffin da Kirsimeti ke tsallakewa, sai ta ce a yi musu nasu. A nan ne suka saɓa da mahaifina.

Baba mutum ne mai faɗa a ji a kasuwar shanu, kuma yana kishin sunan gidansu. Dama can bai so aikin ba. Yakan ce wasan yara ne, al'adar da aka kwaso daga lekol. Da ya ji maganar Kirsimeti sai ya zo gidan da kansa, ya same mu a tsakar gida da kwalaye a gabanmu. Bai ko zauna ba.

Ya ce, "Yaya, abin nan ya isa haka. Ana maganarki a kasuwa. Mace kamarki, 'yar malam, kina yawo gida-gida da takardun Nasara?"

Goggo ba ta ɗago ba. Ta ce, "Auta, zauna mana."

A gaban mata ta kira shi Auta, shi da ake ce wa Alhaji ana russunawa. Fuskarsa ta canza.

"Ba zama ya kawo ni ba. Ki daina, ko don darajar mahaifinmu."

Sai ta ajiye almakashin. Ta ce, "Mahaifinmu da ya iso garin nan ba shi da kowa. Zazzaɓi ya kayar da shi a bakin kogi, wata mata ce da ba ta salla ta ba shi kunu har ya miƙe. Kai ba a haife ka ba, ni na ji daga bakinsa. Ba cocinsu nake zuwa ba. Maƙwabciyata nake gaisarwa. Idan ka samo inda aka hana gaida maƙwabci, kawo mini, kalas, shi ke nan, na daina."

Baba ya ce, "Ke dai ba a taɓa faɗa miki kin ji ba." Ya juya ya fita.

Ba su yi gaba irin ta ƙin sallama ba, amma zumuncin ya yi sanyi shekaru. Suna haɗuwa a suna da jana'iza, a gaisa a wuce. Ya hana mahaifiyata zuwa gidan a lokacin aikin. Ni bai hana ni ba, tunda ina gidan mijina, amma idan na je gaishe shi yakan dubi yatsuna ya ce, "Har yanzu kuna wasan?" Abin yana damun Goggo fiye da yadda take nunawa. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Wani lokaci tana tsakiyar yanka sai ta ce, "Uwata, ubanki yana cin abinci kuwa? Na ga ya rame a jana'izar nan."

Daga baya Baba ya gina gida a unguwar Goudji, mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, suka tare. Ba a daɗe ba ciwo ya buge shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta yi masa nauyi. Makonnin farko gidan ba ya rabuwa da mutane. A hankali ƙafa ta ɗauke. Goudji da nisa, kasuwa ba ta jira, kuma mutane suna jin nauyin zama da wanda sai an kasa kunne kafin a gane abin da yake faɗa. Da Sallah ta zo, yayyena suka tafi Idi, suka wuce gaishe-gaishe. Abokan Baba suka yi ta kira a waya, kowa ya yi barka ya kashe. Ina gidan ina taya mahaifiyata aiki. Na leƙa na gan shi a kan kujera, an sa masa sabuwar riga da hula, yana fuskantar ƙofa.

Bayan azahar muka ji tsayuwar kilando, babur ɗin haya. Goggo ce, da tsufanta, ta sauko tana riƙe ƙugu. Ta shiga ɗakin ta yi sallama, ta zaro kati daga cikin lafaya ta ɗora masa a gwiwa. Ba fure ba ne a kai. Saniya ce fara mai dogon ƙaho, ta yanke ta daga farin yadi, da hannunta ta yi, ba ta bari kowa ya gani ba.

Baba ya daɗe yana kallon katin. Sannan ya ce, da nauyin harshensa, "Yaya, ni ma na shiga cikinsu ke nan?"

Ta ce, "Auta, kowa yana shiga. Ni na riga ka."

Ta gyara zama a kan tabarma, ta ce mini, "Uwata, ɗora shayi." Ba ta tayar da tsohuwar magana ba, shi ma bai tayar ba. Ta yi ta ba shi labarin ƙuruciyarsu, yadda ya taɓa bin garken wani Bafulatani har bayan gari aka yi ta nemansa, yana dariya da rabin baki, hawaye na zuba ta ido ɗaya. Idan ya yi magana ba ta gane ba sai ta ce, "Sake faɗa, ba sauri nake ba." Sai da rana ta yi sanyi ta tafi. Daga ranar, kowace Juma'a tana Goudji, har lokacin da ƙafarta ta ƙi.

A jinyarta ta ƙarshe ba ta yi wasiyya a kan aikin ba. Na so ta yi. Na zauna kusa da ita na ce, "Goggo, azumi ya kusa, yaya za mu yi da katin bana?" Ta ce, "Uwata, ni na gaji. Ku kuka sani." Ta rufe ido. Abin da ta faɗa ke nan, kuma ba ta ga watan ba.

Bayan addu'ar bakwai mata suka watse, kowa na kallon kowa. Gidan na haya ne a wajen dangin mijinta, kuma sun riga sun ce za su gyara shi. Wasu suka ce dama ita ce aikin, tunda ta tafi a bar shi ya bi ta. Azumi ya kama, goman farko ta wuce, ta tsakiya ta kusa ƙarewa, babu wadda ta jiƙa ƙaro.

Ranar nan na je Goudji gaida Baba. Tun rasuwar bai cika magana ba. Na durƙusa na gaishe shi, sai ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya, ya juya yatsuna ya duba. Ya ce, "Ba ku fara ba?"

Na ce, "Baba, ba mu da wuri. Kuma babu mai tsaya mana."

Ya nuna tsakar gida da haɓa. "Nan ba wuri ba ne? Ki gaya musu su zo. A buɗe ƙofar nan." Ya ɗaga hannun hagunsa ya dube shi. "Wannan ba zai yi yanka ba. Amma zai danne kwali har ya kama."

Na tashi zan fita in kira mata a waya, sai ya sake kirana. Na dawo na sunkuya don in ji shi sosai.

Ya ce, "Idan lokacin na maƙwabtanta Kiristoci ya zo, su ma a yi musu."

Allah ya jiƙan Goggo, ya yalwata mata makwancinta, ya sa kada ta yi kaɗaici a inda ta je. Mu kuma da muka rage, ya ba mu ƙafar zuwa da haƙurin zama.